Sunan da Ladan Bai Iya Faɗa

Agege, Ikko
9 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen Giwa Tazo. Yaya ƙafar? Allah ya sa kumburin ya sauka, kuma kina shan maganin da aka ba ki a Jega, ba tura shi kike yi ƙarƙashin tabarma ba, don na san halinki. Tunda kunnen naki ya daina jin waya, ga takarda. Ɗanlami direba zai juya jibi, shi zai kai ta Aliero, daga can a miƙo miki.

Mun sauka lafiya bayan kwana uku a hanya. Ɗan naki ya tarye ni a kasuwar Mayil Tuwal, inda ake sauke albasarmu. Ya yi jiki, ya ajiye gemu, mutane suna ta gaishe shi ta ko'ina. Ya durƙusa ya ce, "Sannu da hanya, Baba." Na ce, "Yauwa." Iyakar hirarmu ke nan har muka isa gida.

Yaya, wannan wuri ba gari ɗaya ba ne, garuruwa ne aka ɗinke da kwalta. Unguwar da suke, Agege, ita kaɗai za ta haɗiye Jega da Aliero ba ta ji ta ƙoshi ba. Gidan nasu dogon lungu ne, ɗaki yana kallon ɗaki, iyali takwas a ciki, famfo ɗaya. Wanda ke kusa da su Inyamuri ne mai sayar da tayoyi, na gaba Bayarabe tela, kuma wallahi ban ji an yi faɗa ba sai a kan igiyar shanya. Ranar farko na tashi yin Azahar na rasa gabas. Ni da nake duba rana in faɗi lokacin ban-ruwa, sai da jikata 'yar shekara huɗu ta kama hannuna ta juya ni. Takwararki ce, Mama suke ce mata, kuma bakinki ta kwaso duka.

Matarsa Mulika mutuniyar kirki ce. Gwiwa biyu take sawa ƙasa in za ta gaishe ni, Hausarta kuwa a karye, amma tana ta ƙoƙari. Barkono ne dai ba ta san kaɗan ba. Na ci miyarta na yi hawaye, ta ɗauka daɗi ne, ta ƙara mini.

Da safe in ya tafi kasuwa sai in fita yawo. Na bi layin dogo har na gaji, na ga inda ake gasa burodin da duk garin ke ci, na ga mahauta mutanen wajenmu birjik. Abin da na yi ta nema shi ne ƙasa, ƙasa zalla wadda ba a shafe da siminti ba. Da ƙyar na ishe wata tsohuwa ta cika tsofaffin buhuna da taki ta shuka alayyafo a bayan ɗakinta. Na daɗe tsaye ina kallo, har ta fito ta ba ni kujera.

Maganar da kika aiko ni kuwa, ban sami sarari ba tukuna. Yana fita da sassafe, yana dawowa a gajiye. Amma ina sane.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Ladan

Giwa Tazo
20 ga Afrilu, 2025

Ladan,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu, na kuma juya bayanta ko akwai saura. Muna nan lafiya, sai zafi. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta, magani kuwa ina sha, ba sai ka yi mini gori ba. Na ji daɗin labarin takwarata, ka shafa mini kanta.

To amma Ladan, yawon buɗe ido na aike ka? Na ce ka je ka zo mini da Waliyyu, ka aiko mini da burodi da alayyafon wata tsohuwa. "Ban sami sarari ba." Gida ɗaya kuke kwana! Ni za ka yi wa wannan? Ni na goya ka, na san lokacin da kake zille wa abu. Tun kana yaro in an aike ka wurin da kake jin nauyi sai ka bi ta bakin gulbi.

Bari in faɗa maka abin da ka sani. Ɗan fari ne, na yarda. Ba ka kiran sunansa, ba ka zama hira da shi, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, shi ya sa ma aka ba ni shi tun daga yaye. Ban ce ka yi laifi ba. Amma yaron nan bai karanta shirunka yadda mu muka karanta na mahaifinmu Baffa ba. Ranar da ya zo Jiga Birni ya durƙusa gabanka ya ce ya sami mata a Ikko, Bayarabiya, me ka yi? Ka tashi ka ɗauki fartanya ka tafi lambu. Ni na san kunya ce, shi kuwa ƙi ya gani. Shekara shida ke nan bai taka Kebbi ba. Yana aiko mini da atamfa da madara da "ina nan tafe", ni kuwa ba atamfa nake so ba. Na rubuta masa har na gaji. Ba ni yake gudu ba, kai ne, don haka daga bakinka zai ji ko kuwa ba zai zo ba.

Shekarata saba'in da ɗaya. Ina son in ga yarona, in taɓa fuskarsa da hannuna. Ka zaunar da shi ka ce, "Ka zo gida, ban ƙi ka ba." Kalma nawa ce? Ko a takarda ka kasa rubuta sunansa, sai "ɗan naki", kamar ni na haife shi a bayan idonka.

Ka gaida Mulika, ka ce na gode da take kula da kai. Ta ƙara barkonon, ko bakinka zai buɗe.

Yayarka,
Rakiya

Agege, Ikko
2 ga Mayu, 2025

Yaya Rakiya,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙo, na kuma sha faɗa, na gode. Ina lafiya, sai ɗan mura, don nan damina ta riga ta sauka. Ruwa ake yi na rashin hankali, a yini ɗaya ana zubar da abin da zai ishe mu shuka gero har mu yi noman farko, kuma duk a kwata yake ƙarewa. Abin yana ci mini rai.

Na gwada, Yaya, kada ki ce ban gwada ba. Ranar Juma'a muka dawo masallaci tare, mu biyu kaɗai, na buɗe baki zan fara, sai na ji kaina ina tambayarsa yadda albasar bana take jure ajiya. Ya amsa da ladabi, ya yi bayani mai kyau, muka shiga gida. Ni kaina na ji haushin kaina.

Washegari na fita ban san inda za ni ba. Na hau irin motocin nan masu ruwan ɗorawa, na sauka Oshodi. Ban taɓa ganin mutane haka ba, ko ranar kasuwar Jega ta jajibirin Sallah ba ta kama ƙafarta ba, kuma kowa gudu yake kamar ya bar tukunya a wuta. Daga nan wani ɗan Argungu mai sayar da agogo ya sa ni a motar da ke hawa doguwar gadar nan ta kan ruwa. Yaya, tafiya muke yi, ruwa dama ruwa hagu, babu gaci. Can ƙasa na hango unguwa guda a tsaye kan itace cikin ruwa, mata suna tuƙa jirgi suna talla ƙofa ƙofa. Na ce ashe akwai inda Sarkawanmu masunta za su zo su zama 'yan koyo. A ƙetare kuma gine-gine ne na gilashi, in ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Wata unguwar shiru kamar maƙabarta, katanga da waya, ba yaro ko ɗaya a waje. Can ban ji sha'awa ba. Na fi son Obalende, inda na sha fura a hannun wata Bafulatana, muka yi ta tsiya kamar a gida.

Amma inda na fi zuwa ita ce kasuwarsu. Nakan zauna nesa kan wani benci in yi ta kallonsa bai sani ba. In mota ta iso shi ake kira. Yakan soka hannu cikin buhu ya zaro albasa ɗaya, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya faɗi ko ta Aliero ce ko ta wani wuri, kuma ba ya kuskure. Haka Baffa yake yi, haka nake yi, ni kuwa ban taɓa zaunar da shi na koya masa ba. Yana Yarabanci kamar a nan aka yanke cibiyarsa. Dattawa suna kawo masa ƙara yana sasantawa. Na zauna a wurin ƙirjina ya cika, ban san abin da zan yi da shi ba.

Gaskiya ya kafu a nan, Yaya. Mutum ya yi saiwa haka, ban san ta inda za a fara cewa ya taso ba.

Sai na sake rubutowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ladan

Giwa Tazo
11 ga Mayu, 2025

Ladan,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa. Kwana huɗu na yi a asibiti a Jega, kumburin ya hau har ciki, numfashi yana yi mini wuya. An sallamo ni, Bushra matar maƙwabcina Alu tana kwana wurina. Kada ka tayar da hankalinka, amma kuma ba zan ce maka ba komai ba.

Na gane abin da kake nufi. Ka yi masa magana ya ce ba zai zo ba, kai kuma ka rasa yadda za ka faɗa mini, shi ne ka lulluɓe shi da zancen saiwa. Ba komai. Na yi kuka yini ɗaya, na share. Ban riƙe shi da komai ba. Ka ce masa Innarsa ta sa masa albarka duniya da lahira, shi da matarsa da 'yarsa. Ka ce masa ƙaramar tukunyar da yake cin ɗumame a ciki tana nan, ban ba kowa ba, in ta Allah ta kasance a kai wa takwarata.

Kai kuma ka dawo hakanan. Gajimare ya fara haɗuwa ta wajen Andarai, gonarka tana jiran shara. In ban sami ɗan ba, kada in rasa ƙanen.

Rakiya

Agege, Ikko
27 ga Mayu, 2025

Yayata Rakiya,

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan takarda ta ishe ki da sauƙi, Allah ya sa ta ishe ki. Taki sai shekaranjiya ta zo hannuna. Motar Ɗanlami ta lalace a Kwantagora, ya yi kwanaki yana jiran kayan gyara, takardar tana aljihunsa. Ni ina nan ina cewa fushi kike yi shi ya sa kika yi shiru, ashe kina kwance.

Yaya, ba ki gane ni ba, kuma laifina ne. Bai ce ba zai zo ba. Ban tambaye shi ba sam. Wata ɗaya da rabi ina gidansa ina cin tuwonsa, ban faɗa masa kalma ɗaya ta aikenki ba. Da na karanta zancen tukunyar nan sai da na shiga bayi na rufe ƙofa, don kada Mama ta ga kakanta yana kuka.

Jiya da hantsi na sa takardarki a aljihu na ce yau ko me zai faru sai na ishe shi a kasuwa na yi magana. To kin san ni ban riƙe hanya da sunan titi, da alama nake riƙewa. Inda nake canza mota akwai wata mai tuya ƙarƙashin shuɗiyar lema kusa da itacen mangwaro. Jiya ruwa ya hana ta fitowa, mangwaron kuwa ashe ba shi kaɗai ba ne a garin. Ga hankalina ba ya jikina. Na hau motar da ba ita ba, na sauka na hau wata don in gyara, na ƙara ɓata. Har Azahar ta wuce ina yawo a wata unguwa, daga baya na ji sunanta Ikotun, ban ga hula irin tamu ko ɗaya ba. Na ciro waya, ta mutu, lambarsa kuma tana cikinta. Ni Ladan, da nake zuwa Maiyama ta daji ba na tambaya, na tsaya bakin kwata jiƙe sharkaf kamar ɗan akuya.

Da aka kira La'asar na bi sautin na shiga masallaci. Bayan sallama liman ya ga ban tashi ba. Bayarabe ne, dattijo, ba ma jin juna, amma ya ba ni tawul ya aika aka kira wani mai tsire, Anas, mutumin Tambuwal. Da na ji Hausar gida a bakinsa saura kaɗan in rungume shi. Na ce ɗana yana sayar da albasa a Mayil Tuwal. Ya ce yana da ɗan'uwa can, ya ciro waya.

Ya ce, "Baba, mi as sunanai?"

Na ce, "Ɗan Rakiya na, mutumin Jiga Birni."

Ya ce, "Sunanai nika tambaya."

Na ce, "Na hwari na. Ba ni hwaɗi."

Ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa nake ba. Ya ce, "Baba, na san wagga al'ada, ubana ma haka shike. Amma masu albasa can sun hi dubu. In ba ka hwaɗi ba, nan za ka kwana."

Na duba masallacin, duk baƙi, babu wanda ya san ni balle ya ce na yi rashin ta ido. Na tuna ke a kwance. Na sunkuyar da kai na faɗa a hankali. Yaya, shekara talatin da huɗu rabon da sunan nan ya bi ta bakina, tun ranar da na raɗa wa liman shi a zauren Baffa. Anas ya kira ɗan'uwansa, muna ji waya tana yawo hannu zuwa hannu cikin hayaniyar kasuwa. Can ya miƙo mini ya ce in yi magana da kaina. Wani ya ce, "Wa kaka nema?" Na faɗa. Ya ce bai ji ba. Na ƙara. Ya ce hayaniya ta yi yawa, in ɗaga murya. Raina ya ɓaci, na daka tsawa har liman ya waiwayo, na ce, "Waliyyu nika nema! Waliyyu ɗana!"

Sai aka ce, "Ga ni nan tahe, Baba. Kak ka gusa."

Kafin Magariba ya iso, wandonsa duk taɓo. Ashe tun Azahar Mulika ta kira shi, ya zagaya Agege bai gan ni ba, ya koma kasuwa ko can na nufa. Bai yi mini faɗa ba, ya cire rigarsa ta sama ya yafa mini. A mota na ba shi takardarki. Ya karanta, ya kifa kansa a kujerar gaba, kafaɗunsa suna rawa. Tunda bakin ya riga ya buɗe sai na ƙarasa. Na ce masa ranar nan da na ɗauki fartanya, ba ƙi ba ne. Murna ce ta kama ni, na ji idona zai kawo ruwa a gabansa, shi ne na gudu lambu, na yini ina kaftu a kwamin da ba ya buƙatar kaftu. Ya ce, "Baba, shekara shida?" Na ce, "Ka yahe mini." Ban taɓa zaton zan ce wa ɗan cikina haka ba, kuma ban mutu ba.

Muna tafe ranar Asabar, mu huɗu, a motar fasinja. Wannan takardar za mu ba wani direba da zai tashi yau, don ta riga mu. Ki ci abinci, ki sha magani, ki jira mu. Wannan karon ni nake aike, kuma ban yarda ki bi ta bakin gulbi ba.

Ɗan naki ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar.

Ƙanenki,
Ladan

Inna,

Ni ne. Ki yafe mini, ba ni da bakin ba ki haƙuri sai na zo na durƙusa. Mulika tana ta koyon gaisuwar Kebbi, Mama kuma ta ce ita za ta riƙa shafa miki magani a ƙafa. Tukunyar kada ki ba kowa, ni zan ci ɗumame a ciki.

Baba ya koma halinsa tun yau da safe, "kai" yake ce mini, kuma ban damu ba. Amma akwai abin da bai sani ba, ki riƙe mini shi tsakaninmu, zan liƙe takardar da kaina. Wayar da aka miƙo mini a kasuwa jiya lafiyarta lau, kuma na riga na shiga cikin shago, babu wata hayaniya. Tun kalmar farko na gane muryarsa. Na ji ya faɗi sunana, Inna, sai na kasa cewa ga ni. Allah ya gafarta mini, da gangan na sa shi ya faɗa har sau uku.

Ɗanki,
Waliyyu